"Babu wata korona": tambayoyi da amsoshi kan abin da ke sa mutane musun annoba

Ina da ɗan kemis a Mabera cikin garin Sakkwato, shekara 12 ke nan ina bayan kanta ina sauraren mutane, mai ciwon kai da mai gyambo da wadda ɗanta ya kwana da zazzaɓi. Tun lokacin korona har yau tambayoyin ba su ƙare ba, wasu a shago, wasu a majalisa bayan isha'i, wasu kuma ɗaliban koyon aikin lafiya ne da anka ba aikin gida. Shi ne na tara su wuri guda in amsa da abin da na karanta da abin da idona ya gani.

Wai da gaske akwai waɗanda har yau ba su yarda an yi korona ba?

Akwai, kuma ba kaɗan ba. Amma musun kala-kala ne. Akwai mai cewa babu cutar ƙwata-ƙwata, akwai mai cewa akwai amma can Chaina da Turai, akwai mai cewa ta zo amma mura ce anka canza ma suna, sai kuma mai cewa eh akwai ta amma gwamnati ke ƙara lissafi don ta ci kuɗi. Abin da na lura da shi, mutum guda yana iya bin duk matakan nan cikin wata biyu. Da anka ce wani ɗan Italiya ya shigo da ita Legas ranar 27 ga Fabrairu 2020 sai ya ce ta Turawa ce, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta zama annobar duniya ranar 11 ga Maris sai ya ce siyasa ce, da ta iso Sakkwato a watan Afrilu sai ya koma ai mura ce. Hujjar tana canzawa amma matsayar tana nan daram, to daga nan ne na gane ba hujja ke riƙe da mutum ba, wani abu ne daban.

Ba jahilci ba ne kawai?

A'a, kuma ina roƙon mu daina faɗin haka. Na ji musun daga bakin mai digiri biyu, na kuma ga tsohuwa mai tuyar ƙosai wadda ba ta taɓa shiga aji ba ta ajiye buta da sabulu gefen kaskonta. A waje ma haka ne, shugaban Tanzaniya John Magufuli yana da digirin digirgir a kimiyyar sinadarai amma ya ce addu'a ta kawar da cutar daga ƙasarsa, anka daina fitar da alƙaluma. Ilimi ma wani lokaci ƙara ma mutum dabarar kare ra'ayinsa yake.

To mi ya haɗa tsoro da musu? Ai mai tsoro shi ya kamata ya fi kiyayewa.

Haka ake zato, amma zuciya ba haka take aiki ba. In labari ya yi ma mutum nauyi kuma bai ga yadda zai yi da shi ba, mafi sauƙi shi ne ya ce ƙarya ne, ya samu ya yi barci. Mu duka mun san wanda likita ya ce ma yana da ciwon suga ya fito ya ce injin asibitin ne ya lalace.

Bari in ba ku na gidanmu. Cikin azumin 2020 Baffana, ƙanen mahaifinmu, ya kwanta da zazzaɓi da tari busasshe. Na je da yamma na tarar da shi a zaure kan tabarma, an jingina shi da filo biyu don in ya kwanta sosai numfashi ba ya isarsa, Gwaggo ta kawo mai kunu da ƙosai na buɗe baki ya kurɓa sau ɗaya ya ture kofin, ya ce ba ya jin ɗanɗanon komi, ko warin turaren da ke jikin rigarsa ba ya ji. Gabana ya faɗi don na san alamar. Na durƙusa na ce, "Baffa, don Allah ku bari a kira masu gwaji." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, maleriya ce da taifot, kawo min allura kawai. Kar ka jawo a zo da mota a ɗauke ni gaban jikokina." Hannunsa na rawa lokacin da yake maganar. Wanga mutum da ya yi wata biyu yana cewa babu cutar, ashe shi ya fi kowa jin tsoronta a gidan, tsoron a killace shi ya mutu babu mai laƙƙana mai kalmar shahada, tsoron a hana iyalinsa yi mai wanka da sutura yadda addini ya ce. Kwana 6 bayan nan ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ba a gwada shi ba, don haka bai shiga lissafin kowa ba.

"Nuna min mutum guda da ta kashe a unguwarku." Mi za a ce ma mai wagga magana?

Wagga ita ce tambayar da ta fi yawa kuma tana da ƙarfi, don mu mutane ne masu yarda da gani da ido, gani ya kori ji. Sanƙarau kana ganin wuya ya sanƙare, amai da gudawa kana ganin mutum ya zube cikin yini guda, ƙyanda tana fitowa a fata. Ita kuwa korona da zazzaɓi take zuwa, kuma wa ke mamakin zazzaɓi a Sakkwato? Mafi yawan waɗanda ta kama sun warke, wasu ma ba su san sun yi ta ba, musamman da yake sama da rabin 'yan Najeriya ba su kai shekara 20 ba, ita kuma tsofaffi da masu suga da hawan jini ta fi kayarwa. In tsoho ya rasu sai a ce kwana ya ƙare, a yi jana'iza kafin la'asar, ba gwaji ba takarda.

Ku tuna Kano a watan Afrilu 2020, masu haƙa kabari ne sunka fara cewa gawarwaki sun yi yawa. Daga baya ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce bincike ya ƙirga mutum 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 ana ganin suna da alaƙa da korona. Kowane ɗaya cikinsu yana da unguwa da maƙwabta, kuma na tabbata da yawa cikin maƙwabtan har yau suna cewa ba su san wanda ta kashe ba.

Sannan akwai matsalar lissafi, ƙwaƙwalwarmu ba ta saba da abu mai ninkuwa ba. In masu cuta suna ninkawa duk kwana 3, daga mutum 1 za ka samu 32 kacal a kwana 15, sai kowa ya ce ina abin yake, amma a kwana 30 sun haura 1,000, a kwana 45 sun haura 32,000. Lokacin da ya kamata a tashi tsaye shi ne daidai lokacin da babu abin nunawa.

Mi ya sa anka ce cutar masu kuɗi ce, kuma zafin Sakkwato zai kashe ta?

Don waɗanda anka fara ji manya ne masu hawa jirgi, gwamnoni da 'yan siyasa, sai kuma rasuwar Abba Kyari shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa ranar 17 ga Afrilu 2020. Talaka ya ce to ga wadda ta san gidan da za ta shiga. Gaskiyar ita ce su ne ke samun gwaji kuma su ne ake sa wa a labarai. Maganar zafi kuwa daɗin ji gare ta, rana na dukanka sama da digiri 40 a Afrilu, ka ce ko banza ta yi maka wani amfani. Amma ƙwayar cutar a jikin mutum take zama, daga numfashi zuwa numfashi, kuma Saudiyya da ta san zafi ita ma ta sha fama. Ko'ina ɗan Adam yana jin cewa musiba ta wani ce, shi ya sa ɗan kabu-kabu ke gudu ba hular kwano duk da ya kai abokinsa asibiti jiya.

Ina ruwan yunwa da musun cuta?

Nan ne zancen yake, a ganina. Yarda da cutar ba kyauta ba ce, kuɗi gare ta. Ma'aikacin gwamnati in ya ce na yarda, albashinsa na shigowa ko ya zauna gida. Amma mai tura baro a babbar kasuwa, da mai kai albasa kudu, da direban da ke lodin Illela, da mai wankin hula, in ya ce na yarda to ya yarda ke nan ya zauna gida, in ya zauna gida kuma tukunya ba ta hau wuta ba. Ga boda a rufe tun Agustan 2019, ga makarantu an rufe a Maris, ga hana zirga-zirga tsakanin jihohi, ga azumi ya kama. Wani ɗan kabu-kabu da ke sayen maganin ɗiyarsa wurina ya ce min, "Yaya, in na yarda akwai ta kuma na fita, na zama mai ganganci da ran iyalina. In na ce babu, na fita da kwanciyar hankali." Wallahi ban taɓa jin wanda ya fayyace abin kamar shi ba. Mutum ba ya iya zama da tunani biyu masu faɗa da juna, cewa abu na da haɗari kuma dole in yi shi kullum, to sai ya sauke ɗaya, kuma ba zai sauke abincin 'ya'yansa ba. Shi kansa Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya yi jan hankali a lokacin cewa yunwa na kashe mutane a ƙasar nan kuma kar a manta da ita.

Ga kuma maleriya da ke kashe sama da mutum dubu 150 duk shekara a Najeriya, mafi yawansu ƙananan yara, ba a taɓa rufe kasuwa don ita ba. Uwar da ta binne ɗa biyu saboda zazzaɓin sauro in ta ce mi ya sa wagga ce kaɗai ta tada hankalin manya, tambayarta tana kan hanya, ko da amsar da ta kai gare ta ba daidai ba ce.

Mi ya sa ba mu yarda da gwamnati da Turawa in sun zo da maganar lafiya?

Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. A 1996 lokacin babbar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan kan yara a Kano, gwajin ya shafi yara kusan 200, 11 sunka rasu, wasu sunka nakasa, anka yi ta shari'a kan ko iyaye sun san abin da ake yi, har a 2009 anka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wanga abu ya faru, ba jita-jita ba ne. Kan wannan tabon ne maganar rigakafin shan inna ta zauna a 2003, anka ce ana son hana haihuwa, Kano ta dakatar da shi sai a 2004 ta koma, kuma a tsakanin nan cutar ta bazu har wasu ƙasashe, yara sunka shanye da bai kamata su shanye ba.

Sai ga Oktoban 2020, mutane sunka fasa rumbuna a jihohi da dama sunka tarar da kayan tallafin korona jibge, shinkafa da taliya da suga, alhali an sha yunwa watanni. Duk wanda ya kalli bidiyon nan ya ce ka gani ko, dama na faɗa. To amma a nan ne nake rabuwa da 'yan uwana. A ci kuɗin cuta abu ne guda, a ce babu cutar abu ne daban. Ana cin kuɗin hanya a ƙasar nan kuma ramin da ke kan hanyar gaskiya ne, yana kashe mutane.

Kiyayewa ba rashin tawakkali ba ne? Ai abin da Allah ya rubuta ba makawa.

Ni ba malami ba ne, amma wanga kowa ya ji shi a karatu. Hadisi ya tabbata cewa in kun ji annoba a wata ƙasa kar ku shiga, in ta faɗo kuna ciki kar ku fita. Sayyidina Umar yana kan hanyar Sham ya ji an yi annoba ya juya da jama'arsa, Abu Ubaida ya ce gudun ƙaddarar Allah za a yi, ya ce eh, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Annobar Amwas ce, shekara ta 18 bayan hijira, kuma ta ɗauki Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal. Sahabbai ba su ce babu ita ba. Mu nan ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce kan magani da jinya, ba baƙon abu ba ne a gidan Shehu.

Abin da ya taɓa mutane shi ne masallaci. Da anka fara maganar tazara a sahu da dakatar da jam'i a wasu wurare, anka dakatar da Umara, Hajjin 2020 ya zama na mutane ƙalilan mazauna Saudiyya, hoton Ka'aba ba kowa ya yi ta yawo a waya, sai zukata sunka ƙi ɗauka. Mutum ya ga kasuwa cike, ya ga taron 'yan siyasa, sannan a ce mai sahu ne matsala, dole ya yi zargi. Da an fara zama da limaman unguwa kafin a yi sanarwa a rediyo, da rabin rigimar ba ta taso ba.

Na yarda da cutar amma na ji kunyar sa takunkumi. Ni kaɗai ne?

Ko kusa. Ranar da na fara zuwa majalisarmu da takunkumi anka yi shiru, sai wani dattijo ya miƙo min hannu, ya riƙe shi a miƙe yana kallona. Yaya za ka ƙi musafaha da sa'an mahaifinka? Na ba shi hannu, na kuma zare takunkumin na sa aljihu. A wajenmu ƙin gaisawa, ƙin zuwa dubiya, ƙin zaman makoki, duk suna nufin ka yanke zumunci ko kana ƙyamar mutane, kuma annoba daidai waɗannan kyawawan ɗabi'un take bi. Wani masani Solomon Asch ya yi gwaji a Amurka a shekarun 1950, a nuna ma mutum layuka a kati a ce wanne ya yi daidai da wanne, amsar a fili take, amma an shirya da sauran mutanen ɗakin su faɗi kuskure, kusan 3 cikin 4 sun bi taron aƙalla sau ɗaya. In haka ta faru tsakanin baƙi a kan zanen layi, ina ga majalisar da kake zama shekara 20. Ina da yaƙinin da yawa cikinmu a ranar sun yarda a zuci, kowa na jiran wani ya fara.

WhatsApp da Facebook fa?

Sun ƙara ma wuta fetur amma ba su sunka kunna ta ba. Saƙon murya ya fi komi tasiri don ba sai ka iya karatu ba, kuma daga ƙaninka ko abokin kasuwancinka ya zo, ga sallama ga rantsuwa. Abin da ka ji sau 10 kuma sai ya fara kama da gaskiya ko da ba hujja. An ce 5G ke kawo ta alhali sai a 2022 anka fara 5G a Najeriya. An ce tazargade ce maganin bayan shugaban Madagaska ya fito da wani tsimi. A 2014 ma lokacin Ebola an tashe mu da asuba a ce a yi wanka da ruwan gishiri a sha, mutane sunka kwanta asibiti. Abin lura, mutumin da ke cewa babu cutar shi ne kuma ke turo maka maganinta, ka ga zuciyar tana neman inda za ta dafa ne kawai.

Mu kaɗai ne ke haka?

A'a. A Amurka da Jamus da Ingila an yi zanga-zangar ƙin kulle da takunkumi, shugaban Brazil Bolsonaro ya kira ta 'yar mura. A Afirka ta Kudu gwamnatin Thabo Mbeki ta yi shekaru tana jayayya kan abin da ke kawo ƙanjamau, magani ya yi jinkiri, rayuka masu yawa sunka salwanta.

Mahaifiyata ba ta yarda da irin waɗannan cututtuka ba. Yaya zan yi mata magana?

Kar ka fara da lissafi, kar ka yi mata gaban mutane, kuma kar ka nemi ta ce ka yi gaskiya, babba ba ya son a kayar da shi a bakin ɗansa. Tambaye ta mi take tsoro, ka yi shiru ka ji. Inda take da gaskiya ka ce tana da gaskiya, an ci kuɗi, an yi rashin adalci, an taɓa cutar da mu. Sannan ka nemo wanda take jin maganarsa, malamin islamiyyarsu ko ungozoma ko yayanta. Haka anka ci nasara kan shan inna, sai da sarakuna da hakimai da malamai sunka shiga, uba ya ga mai unguwa ya ɗiga ma nasa ɗa, har anka kai ga sanar da Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agustan 2020.

Ni da Gwaggo haka munka yi. Har gobe in ta tuna Baffa cewa take zazzaɓin azumi ne ya ɗauke shi, kuma ban taɓa gyara mata ba, don na san in ta karɓi ɗayan sunan sai ta fara tambayar kanta ko da an kira masu gwajin da yana nan, wannan kaya ne da ba zan ɗora mata ba. Da rigakafin ya iso a 2021 ban ce mata korona ba ma, na ce, "Gwaggo, kuna da hawan jini, ga sanyi na tafe, ni dai hankalina zai fi kwanciya in kun yi." Ta ce sai ta yi shawara da ƙawarta da sunka yi aikin Hajji tare. Bayan sati biyu ta aiko jikanta shago, wai in zo da mashin gobe da safe in kai ta, kuma in taho mata da farasitamol ko da hannun zai yi tsami.